Jinyar Miji ko Mata Mai Ciwon Dajin Maƙogwaro: Bayani ga Hakimai da Malamansu a Ƙasar Illela

An rubuta wannan 'yar takarda ne domin Hakimai da Dagatai da malaman da ke riƙe da littattafan ofisoshinsu, musamman na ƙasar Illela da maƙwabtanta. Abin da ake bukata shi ne su karanta, su fahimta, sa'an nan su bayyana wa jama'a a zaure da ƙofar masallaci da kasuwa, gama maganar da ta fito daga bakin shugaba ta fi saurin shiga kunne. Likita aikinsa ya ba da magani, amma mai zama da mara lafiya dare da rana, ya ba shi abinci, ya kai shi asibiti kan lokaci, shi ne abokin zamansa, watau matarsa ko mijinta. In mai jinya ya san aikinsa, magani yakan ci. In bai sani ba, sau da yawa wahalar likita da dukiyar gida duka sai su tafi a banza.

1. Mene ne wannan ciwo?

Ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara ko kansa, tsiro ne da ke farawa sa'ad da ƙwayoyin naman jiki suka shiga hayayyafa ba tsari, har su danne naman da ke kewaye da su, daga baya su yaɗu zuwa wani wuri. A maƙogwaro yakan fito a wurare uku: a akwatin murya, watau daidai zoben wuya, ko a hanyar da abinci ke bi daga bayan harshe, ko kuwa can sama a bayan hanci. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum wajen 189,000 ne aka samu da dajin akwatin murya kaɗai, kuma maza sun fi mata yawa ƙwarai a cikinsu.

Babban abin da ke jawo shi taba ce kowace iri, ko sigari, ko ta tukunya, ko shisha, ko garin da ake sa wa a baki. Giya ma tana jawo shi, in kuwa aka haɗa ta da taba haɗarin yakan ninka. Akwai kuma waɗansu ƙwayoyin cuta biyu, HPV da EBV, masu hannu a cikin wani kashi na ciwon, shi ya sa akan same shi ga wanda bai taɓa kusantar taba ba. Lalle ne a faɗa wa jama'a a fili: ciwon daji ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta hanyar cin abinci a ƙwarya ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko kwana a ɗaki ɗaya. Babu dalilin ware wa mara lafiya kwanonsa, balle a ƙaurace masa.

2. Alamomin da ba a yi musu jinkiri

Ga alamomin da ya kamata mace ta lura da su ga mijinta, miji kuma ga matarsa: dishewar murya da ta wuce mako uku ba ta sake ba; wuyar haɗiya, ko jin kamar abu ya tokare; ƙulli a gefen wuya wanda yake girma, ko da ba ya ciwo; ciwon kunne ɗaya wanda ba a ga dalilinsa ba; jini a cikin yawu ko majina; toshewar hanci ta gefe ɗaya tare da haɓo; rama ba dalili; numfashi mai ƙara.

A ce ga wani falke mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda ba ya fashin kasuwar Illela ran Lahadi, ya kuma daɗe yana shan sigari. Muryarsa ta dishe da hunturu, aka ce ƙura ce. Bazara ta zo ba ta sake ba, aka kai shi wurin wanzami ya cire masa beli. Da damina ta faɗi aka ce tarin fuka ne, ya yi ta sayen ƙwayoyi a kemis. Ba a kai shi Sakkwato ba sai ran da numfashi ya gagara. Wata tara ke nan sun salwanta, alhali kuwa dajin akwatin murya, in an kama shi tun yana ƙarami, mutum takwas ko tara cikin goma sukan warke, yawancinsu kuma da muryarsu. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka a hana cire beli, da sakiya, da tsaga, da ƙaho a kan ƙullin wuya. Ba sa taɓa tushen ciwon, sai dai su jawo zubar jini da ruɓa, su ɓata lokaci.

3. Inda za a nufa

Matakin farko shi ne Babban Asibitin Illela ko asibitin da ya fi kusa, a roƙi takardar turawa zuwa wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Daga Illela zuwa Sakkwato kimanin kilomita 85 ne, watau mil hamsin da 'yan kai, ta Gwadabawa da Kware. A can akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mai sashen kunne da maƙogwaro da kuma sashen ciwon daji. Likita zai leƙa maƙogwaro da siririn bututu mai fitila, ya ɗebi ɗan nama a auna, a kuma ɗauki hoton wuya da ƙirji. Ba a tabbatar da ciwon daji sai da wannan awon nama, kuma ɗibar naman ba ta sa ciwon yaɗuwa, kamar yadda waɗansu ke tsoro.

Na'urar gashi aba ce mai tsada, takan kuma tsaya don gyara, saboda haka a tambaya tukuna kafin a ɗaura kaya. Likita yana iya tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ko cibiyar ciwon daji ta Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, wadda aka buɗe a 2025. 'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, mutanen Birnin Ƙonni da kewaye, suna da cibiyar gashi a Yamai, wadda ta fara aiki a 2021. Amma a tuna an rufe iyakar Illela daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta a Agusta 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris 2024. Don haka wanda zai fara magani ya zaɓi wurin da zai iya zama har ya gama, kada ya dogara ga ƙetarawa kullum.

4. Irin maganin da ake yi

Hanyoyi uku ne, akan yi ɗaya ko a haɗa su. Ta farko fiɗa ce, a cire tsiron, wani lokaci har da akwatin muryar duka. Wannan ba sabon aiki ba ne, gama wani likita mai suna Billroth ya fara yin sa a birnin Biyana tun 1873. Ta biyu gashi ne da haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, dangin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Ko da yake ana ce masa gashi, babu wuta a ciki, mutum kuma ba ya jin kome sa'ad da ake yi. Akan yi wa mara lafiya wata fuskar roba daidai kansa don kada ya motsa, ya kwanta kamar minti goma sha biyar. Yawanci kwana biyar ake yi a mako, har mako shida ko bakwai, watau zuwa 30 ko 35. Hasken ba ya zama a jiki, saboda haka ba abin da zai sami matarsa ko 'ya'yansa don sun kusance shi. Ta uku ita ce maganin da ake sa wa ta jijiya kamar ƙarin ruwa, wanda ake kira kemo. Wanda aka fi haɗawa da gashi shi ne sisfilatin, ana ba da shi mako-mako ko bayan kowane mako uku.

Abu mafi girma da mai jinya zai riƙe shi ne kada a yi fashi. A kwanakin da aka tsallake, ƙwayoyin ciwon da suka rage sukan sake hayayyafa, masana kuwa sun lissafta cewa kowace rana da aka ƙara a kan wa'adin gashi tana rage begen shawo kan ciwon da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari. Zuwa Sakkwato da komowa kullum ya fi ƙarfin mara lafiya da aljihunsa. Gara a nemi masauki wurin dangi a birni tun kafin a fara, a kuma tanadi kuɗin magani duka, kada a tsaya a tsakiya.

5. Abinci da ruwa

Daga mako na biyu ko na uku baki da maƙogwaro sukan yi gyambo, yawu ya yi kauri ko ya ƙafe, abinci ya daina daɗi. Wahalar takan ƙaru har ƙarshen gashi da mako ɗaya ko biyu bayansa, kana ta fara sauƙi. Wannan ba alamar ciwon ya ƙaru ba ce, aikin magani ne. A nan ne mutane da yawa kan karaya su gudu gida, a nan ne kuma ake gane mai jinya na ƙwarai.

A riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan, sau shida ko takwas a yini, maimakon a jira manyan lokuta uku. A zaɓi mai laushi da gina jiki: kunun gyaɗa da madara, koko mara yaji, fura da aka dama da nono mara tsami aka tace, dafaffen ƙwai da aka murtsuke, alale mai taushi, romon nama ko na kifi da aka tsame ƙaya, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa. A ƙara cokalin man gyaɗa ko man shanu a cikin kwanonsa. A guji barkono, da citta, da tsamiya, da lemun tsami, da goro, da abinci mai zafi ƙwarai, da busasshen abu irin su ƙuliƙuli da kilishi. Ya ci a zaune sosai, kada ya kwanta sai bayan rabin sa'a. In an ba shi maganin zafi, ya sha kamar rabin sa'a kafin cin abinci.

Ruwa kuwa ya sha aƙalla lita biyu a yini, sai fa in likita ya hana, gama sisfilatin yana wahalar da ƙoda, zafin bazara a ƙasarmu kuma yakan haura digiri 40. A auna nauyinsa kowane mako, a rubuta. In yana ramewa, ko yana shaƙewa da tari duk sa'ad da ya haɗiya, likita zai sa masa siririn bututu ta hanci zuwa ciki, a riƙa ɗura abinci mai ruwa da sirinji. Kada a ƙi wannan. Ba alamar mutuwa ba ce, yawanci kuma akan cire shi in an sami sauƙi. Game da azumi, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama. Ya kamata limamai su ƙarfafa wannan, don kada kunya ta sa mutum ya cuci kansa.

6. Baki da fata da raɗaɗi

Kafin a fara gashi likitan haƙori zai duba baki, ya cire haƙoran da suka ruɓe. A lokacin magani a tafasa ruwa rabin lita, watau kwatankwacin ledar ruwa ɗaya, a bar shi ya huce, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ya riƙa kurkure baki bayan kowane abinci da kafin barci. Kada a sa kanwa ko toka. A ajiye asuwaki mai tauri, a yi amfani da buroshi mai laushi. In an ga farin abu kamar dusa a harshe, a nuna wa likita, akwai maganinsa.

Fatar wuya takan yi baƙi, ta yi ƙaiƙayi, wani lokaci ta saɓule. A wanke ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a tsane da ƙyalle mai laushi ba tare da gurzawa ba. Kada a yi aski da aska a wurin, kada a shafa turare ko wani haɗin gargajiya, sai man da asibiti ya yarda da shi. Ya sa riga mai faɗin wuya, ya sassauta rawani, ya kare wurin daga rana.

Raɗaɗi ba abin jurewa a ɓoye ba ne. In ƙananan magunguna sun kasa, likita yakan ba da mofin na sha. A ba shi bisa sa'o'in da aka rubuta, kada a jira sai ya fara nishi. Wanda ya sha shi bisa ƙa'idar likita saboda ciwo, ba safai yakan zama ɗan maye ba. Yana dai ɗaure ciki, saboda haka a roƙi maganin sassauta bayan gida tare da shi, a kuma kulle shi inda yara da samari ba za su kai ba. Taba da giya kuwa a bar su gaba ɗaya, domin mai shan taba a lokacin gashi ya fi shan wahala, maganin kuma ba ya ci masa sosai.

7. Bututun numfashi da rashin murya

Waɗansu akan huda musu gaban wuya a sa bututu don su sami numfashi. Kada mai jinya ya bar asibiti sai ma'aikaciyar jinya ta koya masa da hannunsa yadda ake zare bututun ciki, a wanke, a mayar. Iskar da ke shiga ta nan ba ta bi ta hanci ba, balle a tace ta, don haka da hunturu majina takan bushe ta toshe hanya. A rufe ƙofar da ƙyalle mai tsabta mai ɗan laima, a yayyafa ruwa a ɗaki kafin shara, a nisanta shi daga hayaƙin murhu. Wajen wanka a kiyaye kada ruwa ya shiga, kada kuma ya shiga tafki ko rafi ko kaɗan. Wanda aka cire wa akwatin murya duka ta wuya kaɗai yake numfashi, in ya suma ta nan za a ba shi iska, ba ta baki ba. Ya kamata mutanen gida duka su san wannan.

Rashin murya yakan fi ciwon kansa ɓata wa mutum rai, musamman wanda ya saba da ciniki ko limanci ko shugabancin gida. A ajiye masa allo da alli, ya rubuta da ajami ko boko. In ba ya rubutu, a shirya alamun hannu, a kuma sa ƙararrawa ko kwano da cokali kusa da shimfiɗarsa don kira da dare. A yi masa tambayar da zai amsa da kai. Kada a yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan, gama kunnensa da hankalinsa lafiya lau suke. A ci gaba da shawartarsa kan gona da auren 'ya'ya kamar da. Da yawa sukan koyi magana daga baya, ko da iskar da suke haɗiya, ko da wata 'yar na'ura da ake ɗorawa a wuya.

8. Lokacin da ba a jiran gari ya waye

A garzaya asibiti nan da nan in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: numfashi ya yi wuya ko bututu ya toshe, jini yana fita ta baki ko ta wuya, zafin jiki ya kai digiri 38, ko ana rawar ɗari, musamman bayan kemo, ya kasa shan ruwa yini guda, ko fitsari ya ragu ƙwarai, amai ya ƙi tsayawa, ko hankalinsa ya rikice. Kemo yana rage ƙarfin jini na yaƙi da cuta, zazzaɓin da ake gani ƙarami yana iya kisa cikin kwana ɗaya. Kada a ce na sauro ne a tsaya saye a kemis. Kowane gida mai irin wannan jinya ya mallaki ma'aunin zafin jiki, ya kuma riƙe lambar wayar direban da zai iya tashi da dare.

9. Haƙƙin mai jinya

Mai jinya ma mutum ne. Matar da ta yi wata biyu ba barci, ga girki, ga yara, ga zullumi, ƙarshenta ita ma ta kwanta. A raba aikin: wani ya riƙe gona da dabbobi, wata ta riƙe yara, wani ya karɓe ta kwana ɗaya ko biyu a mako. In gidan mai mata biyu ne ko fiye, a zauna a shirya wadda za ta bi shi birni da yardar sauran, amma dukansu su koyi aikin. Wadda za ta yi jinya lalle ta shiga wurin likita ta ji bayani da kunnenta, kada a bar ta a waje ƙanen miji ya kawo mata rabin magana. In kuwa matar ce ba lafiya, ba daidai ba ne miji ya tura ta gidan iyayenta ya juya baya, ko ya hana ta zuwa asibiti don likita namiji ne. Masu zuwa gaisuwa su taƙaita zama, mai mura ko tari ya aiko da gaisuwarsa daga nesa.

Bayan an gama magani akan koma ganin likita kowane wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko, sa'an nan a riƙa tsawaitawa har shekara biyar. Kada a cire haƙori bayan gashi sai an gaya wa likita. In kuma likitoci suka ce ciwon ya wuce warkewa, jinya ba ta ƙare ba: akwai maganin raɗaɗi, da tsabta, da zama kusa da shi. A nan ne ya kamata a tsare gidan daga masu yawo da kwalabe suna alkawarin warkarwa, kada a sayar da gonar marayu a banza.

10. Abin da ake roƙon Hakimai da malamansu

1. Su umarci Dagatai da masu unguwa su sanar da jama'a cewa dishewar murya ko ƙullin wuya da ya wuce mako uku na asibiti ne.
2. Su tara Sarkin Aska da wanzamansa, su roƙe su da girmamawa su riƙa tura irin waɗannan mutane asibiti.
3. Malamin Hakimi ya taimaki gidan da ba mai karatu: ya rubuta ranakun zuwa asibiti, da sunayen magunguna, da nauyin kowane mako, ya sa a adana takardu da hotuna duka a jaka ɗaya. Ya kuma riƙe sirrin mara lafiya.
4. Su rubuta wa mabukata takardar shaida zuwa Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, su kuma shirya gudummawar dangi da 'yan kasuwa tun kafin a fara magani.
5. Su sa a yi wa gonar mara lafiya gayya, don kada tunanin damina ya sa ya baro asibiti.
6. Su tunatar da masu tireda cewa dokar taba ta 2015 ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hakimin da ya sa aka kai mutum ɗaya asibiti da wuri, ya kuma tsaya har matarsa ta sami mai taya ta, ya tsare gida guda daga rushewa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.